Agogona Ya Kai Goggo Asibiti

Jama'a, yau na rasa agogo ina ji ina gani!

Maƙwabciyarmu Goggo Hawwa, mai sayar da mayafai a kasuwar Bab Makka, ta ce in ɗaura mata agogona mai ƙirƙirarriyar basira, mai auna bugun zuciya. Can sai ya hau ƙara! Wai zuciyarta na tsalle, a ga likita.

Ta ce, "Ƙarya yake, lafiyata lau!"

Na ce, "Yalla Goggo, tashi."

Da ƙyar na ja ta asibitin sa-kai. Likita ya ce agogo ya yi gaskiya, gara da muka zo yau. Ya rubuta magani.

Na ce a ba ni kayana. Ta cusa hannun da ke ɗaure da agogon cikin abaya.

"Halas, magana ta ƙare, 'yar nan! Likitan nan na hannuna da bai tambaye ni iƙama ta izinin zama a ƙasa ba zan saki?"