Takin da na zuba a ruwan ɗana

Abin da zan faɗa ya faru ne bayan an buɗe kasuwanni daga kullen korona, kafin babbar ambaliyar da ta shiga gidajen bakin kogi a nan Anaca. A lokacin maigidana ya shekara tara da rasuwa, ni kuwa ina ji da kaina. 'Yar manoma ce ni, an kawo ni kudu ina amarya, maigidana dillalin shanu ne a mayanka. Ban taɓa shiga aji ba, amma ba a haihuwa ko girkin biki a unguwarmu ba a aiko an tambaye ni ba. Gishiri ma ban taɓa auna shi da cokali ba, hannuna ya san daidai, kuma na sha faɗin haka a gaban mata.

Ɗana na fari, wanda har yau ba na kama sunansa, yana sayar da albasa da tattasai a kasuwar Ose. Ciwon suga ya ci masa ƙafa, aka yanke ta daga gwiwa. Mutumin da muryarsa ke cika layin 'yan albasa, yana zolayar mata masu saye da yarensu, sai ya shige ɗaki ya juya fuska bango. Ya kusa shekara a haka. Matarsa ta kai abinci ta ɗauko shi yadda ta kai. Ni kuma kunyar ɗan fari ta hana ni zama kusa da shi, iyakata in tsaya a bakin ƙofa in tambayi matar ya mai jiki, alhali yana jina.

Abin da ya fito da shi wani noma ne da ya gani a waya, noman da babu ƙasa. Ya sa aka jera masa fararen bututai a bayan gida, aka huda su, aka ajiye tanki da ɗan injin da ke zagaya ruwa. A cikin hudojin ya dasa tumatir da tattasai da latas, saiwoyinsu na lilo a ruwa. Yana zaune a kujera yake komai. Abincin shukar wani gari ne da yake narkarwa, sannan duk bayan kwana uku ya ɗiga haidurojin, wannan ruwan da ke kumfa in an zuba a miki. Nasa mai ƙarfi ne, a jarka yake, sai ya sa safar hannu ya ja kaɗan da sirinji ya gauraya da ruwa. Ya ce shi ke kashe ƙwayoyin cuta, don ruwan da ke zagayawa in ƙazanta ta shiga wuri ɗaya ta shiga ko'ina. Na ce wa matarsa, yadda zai ji, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an yi wa tumatir wankin miki ba. Ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun yankan. Ya ce a gaya wa Hajiya gonarsa asibiti ce, ba a shiga da takalmi, kuma ranar da ya tsinki na farko ita za ta yi miyar ko tana so ko ba ta so.

Shuka ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Saiwar fara tas kamar zaren auduga. Maƙwabciyarmu 'yar Ibo takan leƙo ta katanga ta kira shi injiniya, shi kuma ya ce mata ta tanadi kwando. Ya koma aski, ya koma zuwa Juma'a a bayan babur ɗin okada. Amma ni a raina tausayin shukar nake ji. Gani nake abu mai rai an hana shi ƙasa, an hana shi taki, ana ba shi magani kamar majinyaci.

Da tumatir ya fara 'ya'ya, aka kira shi Inugu gwajin ƙafar roba, kwana biyar, matarsa ta raka shi. Ya ja layi da jan biro a jikin sirinji, ya ce a gaya min iyakar nan, rana ta uku, kada a ƙara kada a rage, kuma kada wani abu ya shiga tanki. Na ce na ji. Suna fita na aika mayanka aka kawo min busasshen kashin shanu, na jiƙa shi kwana ɗaya, na tace da tsumma yadda ba za a gani ba, na juye a tanki. Niyyata ya dawo ya tarar ganye ya ninka, ya yaba wa maganinsa, sannan in sa a gaya masa abin da tsohuwar da ba ta yi boko ba ta sani.

Rana ta uku ruwan ya fara wari. Ta huɗu na ɗaga tushe ɗaya, na ga saiwar ta yi ruwan ƙasa, tana yauƙi. Na tuna ya ce haidurojin ke kashe ƙazanta, na dubi jan layin nan na ce wannan ɗigon me zai yi wa tanki guda. Na ɗauki jarkar da hannuna na tuttula, fiye da rabi. Ruwa ya tashi da kumfa kamar ana dafa shi. Ya fantsamar min a yatsu, suka yi fari fat suna zugi. Garin neman gira na rasa ido, domin abin da ruɓa ta rage, maganin ya ƙone shi. Na ƙunsa lalle a hannu don kada a ga yatsun.

Ya dawo washegari da la'asar, yana takawa da sabuwar ƙafa da sanda, bai ko zauna ba ya zagaya baya. Ganye duk ya kwanta. Ya daɗe a tsaye. Ya sa matarsa ta tambaye ni ko na zuba maganin, na ce na zuba iyakar layi. Bai duba jarka ba, bai sake tambaya ba, don ba zai ƙaryata uwarsa ba. Sai ya ce to kuskuren nasa ne, shi ya auna garin abincin ba daidai ba kafin ya tafi, idonsa ma ya fara tafiya kamar ƙafar. Ya ce mutumin da ba zai iya riƙe tumatir ba, me kuma zai riƙe. Ina tsaye ina ji, hannuna cikin mayafi.

Matarsa ta roƙe shi ya wanke bututan ya sake shuka, maƙwabciya ta ce za ta kawo iri. Ya ce a bari. Ya koma ɗaki. Sau da yawa na je bakin ƙofar da maganar a bakina, sai in ce kunya ce ta hana ni. Ba kunya ba ce. Ba na son a ce hannun Hajiya ya yi kuskure. Bayan wata bakwai ciwon ya tashi, Allah ya karɓi abinsa. Na san kwana ne ya ƙare, amma watannin nan bakwai da ya yi yana ganin kansa ba shi da amfani, ni na ba shi su.

'Yan'uwana tsofaffi, abin da muka sani gaskiya ne a wurinsa. Taki na ƙasa ne, bai da gurbi a ruwan da aka tsarkake, kuma magani mai ƙarfi ba a auna shi da ido. In yaro ya ja muku layi a kan aikinsa, ku tsaya a layin. In kuwa kun riga kun ƙetare, ku faɗa tun mai jin yana da rai. Shuka ana sake ta.

Cikin waɗanda suka ga gonar nan, mu uku muka rage: ni, da maƙwabciyar da ta koma ƙauyensu bayan ambaliya, da matarsa. Matar tasa ce ke rubuta min wannan, kuma yau ta fara jin labarin. Ta ajiye biro sau biyu, ta fita ta dawo.