Butar Zubeiru Mai Gyaran Keke

Duk wanda ya zauna unguwar Lamashegu ta Tamale ya san Zubeiru Buta, sai dai baƙi kan zaci sayar da buta yake yi. Gyaran keke yake yi, kuma ya iya. Mutum ne da zai ji ƙarar kekenka tun daga kasuwa ya gaya maka wace waya ce ta saki a ƙafar baya. Sunan Buta kuwa shi ya je ya nemo abinsa.

Mutumin Salaga ne. Shekarar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga ta Ghana, ya ji labarin wai a Tamale kowane masinja da akawu ya sayi keke, har akuya ma saura kaɗan ta hau. Ya ce wa matarsa Awawu zai je ya nemo musu gida, ita da yara uku su biyo baya. Ta ba shi sharaɗi biyu: kada ya kai ta inda za a ɗauke mata tukunya a kan murhu, kada kuma ya kama hayar da za ta hana yara cin tuwo.

To, Zubeiru bai yarda da bakin dillali ba, sai ya fito da tasa dabarar. Yana da butar tagulla da ya gada wurin babansa. Duk unguwar da ya je, sai ya cika ta da ruwa, ya ajiye a gindin bishiya, ya yi tafiyarsa. In ya dawo ya same ta, unguwa ta ci jarrabawa.

Ya fara da wata unguwa, ba zan faɗi sunanta ba don ina da surukai a can. Bai gama juya baya ba buta ta yi ƙafa. Ya tarar da ita a lungu na biyu wani yana alwala, yana rantsuwa shi ma gadonta ya yi. Kusa da kasuwa buta ta kwana lafiya, amma da mai gidan ya faɗi kuɗin ɗaki, sai da Zubeiru ya shanye ruwan cikinta kafin ya iya miƙewa. A Kasalgu kwananta uku ba wanda ya taɓa, har kurciya ta fara sheƙa a kai. Ya ce inda ko ɓarawo ba ya wucewa, wa zai kawo masa keke?

Sai Lamashegu, lokacin bakin gari ne. Ya ajiye ta gindin ɗorowa. Washegari ya same ta a wurinta, an rufe murfin, an ma goge ta da toka tana ƙyalli. Sai dai ba ko ɗigon ruwa a ciki. Bai ko kula ba. Ya zauna da mazan unguwa ya yi ta tambaya: ɓarayi, masallaci, makarantar yara. Ya kai wa mai unguwa goro, ya kama ɗaki biyu da araha. Ba wanda ya ambaci ruwa, don maza dai a randa suke ganinsa kamar a can yake tsirowa. Shi kuma ɗan Salaga ne, garin da kaza in ta yi tono da ƙarfi sai ta haƙa rijiya.

Tsakiyar bazara Awawu ta sauka daga mota da yara da ƙulle-ƙullenta. Ta zaga gidan sau ɗaya, ta dawo.

"Malam, ina rijiyar?"

"Kin ga ɗakunan kuwa? Nan ko zinariya kika bari a waje..."

"Na gani. Ina rijiyar?"

Ashe tafkin unguwa ya ƙafe, ɗan abin da ya rage kamar koko, mai sa kurkunu. Famfo kuwa sai cikin gari, mata na fita da sassafe su dawo rana ta take. Awawu ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan kayanta ta ce, "Motar Salaga jibi take komawa. Ni ban haifi yara don in kawo su su bushe ba." Zubeiru ya wuni yana ɗaure noti ɗaya yana kwancewa.

Washegari da hantsi sai ga Mma Sala, wata tsohuwa Badagomba da ke maƙwabtaka da su, da tulu a ka. Ta sauke, ta dubi Zubeiru.

"Ɗana, kai ne mai buta? Ni na juye ruwan. Jikana zazzaɓi ya kama shi, randa ba komai. Na goge maka buta don ka san mutum ne ya sha, ba akuya ba."

Ta juya wurin Awawu. "Mijinki ya tambayi maza komai. Da ya tambayi mace ɗaya, da ya sani."

"Mma, shi ko a gida bai san inda moɗa take kwana ba," in ji Awawu.

Kafin azahar matan unguwa suka riƙa shigowa, kowace da ƙwarya guda daga ɗan abin da ta wahala ta ɗebo, haka suke yi wa baƙuwa. Randa ta cika har baki. Awawu ta daɗe tana kallonta, sannan ta kira mijinta.

"Zan zauna saboda matan nan. Amma wannan keke naka, daga gobe shi ne rijiyata."

Haka Zubeiru ya ƙera ƙarfe ya rataya garwar kananzir biyu a bayan keke, ya zama namiji na farko da ya shiga layin famfo tsakiyar mata. Maza suka yi masa dariya wata guda cur. Daga nan matansu suka fara nuna musu gidan Awawu da baki, sai ga su ɗaya bayan ɗaya suna zuwa a ɓoye, a ƙera musu irin ƙarfen.

Motar Salaga ta tafi ba Awawu. Ta kwance kayanta duka, ban da ƙulli ɗaya da ta ajiye bayan ƙofa. Yaran sun girma, ƙullin yana nan. Randa na yin ƙasa sai Awawu ta ɗan waiwaya ta dubi ƙullin, kafin ta juyo Zubeiru ya kai bakin titi da garwa.