Ranar da na yi wa Baba tafinta

Shekarun baya da yawa, ina sabon malamin firamare a Fagge, mahaifina ya kamu da sankarar jini. Lokacin ne kuɗin mai ya shigo ƙasa. Duk wanda ka gani a shataletalen Bata yana kan sabon babur ko yana rungume da rediyo, mu kuma samari mun ɗauka babu abin da zai gagari zamani.

Baba tela ne, shagonsa na Rijiyar Lemo. Ciwon ya fara da kasala, sai dasashinsa ya riƙa jini, sai zazzaɓin da ba ya sauka. Da aka gano ko mene ne aka ɗora shi kan magani, allurai da ƙwayoyi da ƙarin jini. Watannin farko ya ji sauƙi har ya koma kan keken ɗinkinsa. Daga baya sauƙin ya tsaya cak, ba gaba ba baya.

Duk gidanmu ni kaɗai na yi boko, don haka ni ke raka shi asibiti ina masa tafinta. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin matsayin. Har biro nake sokewa a aljihu, don likita ya san da mai ilimi yake magana.

Wata Talata da hantsi likitan ya buɗe fayil ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce da ni da Turanci maganin ya daina aiki, kuma ba su da wani a hannu. Ban gama haɗiye wannan ba ya ƙara da cewa akwai wani asibitin koyarwa a kudu da ke gwada sababbin magunguna iri biyu a kan masu irin ciwon Baba, in ya yarda zai rubuta masa takarda. Na tambaye shi wanne ya fi kyau cikin biyun.

Ya ce, "Ba mu sani ba. Abin da ake son ganowa ke nan."

Na ce to wa zai zaɓa masa? Ya ce ba kowa. Sunan maganin na cikin ambulan ɗin wasiƙa a rufe, wadda ta faɗo kansa ita ce tasa.

Ban taɓa jin likita ya ce bai sani ba. Ga shi kuma yana gaya mini za a jefa ƙuri'a a kan ran mahaifina. Na kalli Baba, yana zaune ya ɗora hularsa a gwiwa yana jira.

Ya ce, "Malam, me ya ce?" Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana.

Na ce, "Ya ce a ci gaba da haƙuri, Baba. Za su duba."

Akwai wata nas a gefe tana jera kwalabe a tire. Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta ta fi tawa gogewa. Ta ajiye tiren ta juyo.

Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba haka likita ya faɗa ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta durƙusa gaban Baba ta faɗa masa komai daki-daki. Ta ce maganin ya tsaya. Ta ce sabon na iya taimakawa, yana iya ƙin taimakawa, yana iya ma wahalar da shi fiye da na da, da amai da zubewar gashi da ciwon baki. Ta ce ba dole, in ya ƙi ba wanda zai fasa kula da shi, in ya shiga kuma ya gaji yana iya fita.

Baba bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Ya dubi nas ɗin ya ce, "'Yata, tambaye shi. Wannan da suka yi ta ba ni na samu sauƙi, shi ma an gwada shi a kan mutane kafin ya zo gare ni?"

Ta tambaya. Likita ya ce ƙwarai.

"Su waye?"

Ta ce, "Ba a san su ba, Baba. Marasa lafiya ne kamarka."

Ya gyaɗa kai. "Allah Ya saka musu. A ba ni kwana uku."

Muka kama hanyar gida har muka wuce Kasuwar Sabon Gari. Ni na kasa daurewa, na ce, "Baba, gwaji fa za su yi da kai. Su kansu ba su sani ba."

Ya ce, "Na ji. Shi ya gaya mini bai sani ba. Kai ka sani, ka ɓoye." Ya ɗan numfasa, don tafiya na ba shi wuya. "Ciwon nan a jikina yake, Malam. Ka bar ni in ji labarinsa."

Kwana ukun nan ya yi istihara, ya yi shawara da mahaifiyata da limamin unguwarmu. Mahaifiyata ba ta so, ta yi kuka sosai, amma ta ce ba za ta hana shi ba. Ran Juma'a ya dangwala yatsa a takardar yarda, bayan ya sa nas ɗin ta karanta masa ita da Hausa. Ni ina tsaye, bai nemi in karanta ba.

Ni na raka shi asibitin kudu a jirgin ƙasa. Aka buɗe ambulan, aka fara. Duk wahalar da aka faɗa ya sha ta, har akwai makon da bai iya haɗiye ko kunu ba. Na roƙe shi mu koma gida, ya girgiza kai. Bayan wata biyu jininsa ya gyaru, muka dawo Kano. Ya samu kusan wata takwas da ƙafarsa, har ya ɗinka wa jikokinsa kayan sallah. Sannan ciwon ya dawo, wannan karon bai ɗaga ba. Ya rasu a ɗakinsa, da rana, muna kewaye da shi. Allah Ya jiƙansa.

Har yau ban san ko maganin da ya faɗo masa shi ne ya fi ɗayan ba. Ban kuma san ko wata takwas ɗin nan ta biya wahalar da ya sha ba. Shi kaɗai zai iya faɗa, kuma bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Abin da ke tayar mini da tsigar jiki in na tuna shi ne saurin da na yi. Ko daƙiƙa biyar ban ɗauka ba na yanke wa mutumin da ya haife ni hukunci a kan ransa, ina ganin tausayi ne. Da matar nan ta yi shiru ta ci gaba da jera kwalabenta, da mun koma gida, ya mutu bai san an taɓa ba shi zaɓi ba, ni kuma da na ci gaba da ganin kaina ɗa nagari.

Yanzu na wuce shekarun da yake da su ranar da ya rasu. In 'ya'yana suka raka ni asibiti, nakan ce da likita ya kalle ni ya yi magana.