Ruwan Randar da Muka Ɗora wa Laifi

Da dawowar alhazan bana, yayana Alhaji Garba ya cika shekara arba'in da takwas a ƙasa. Kwana goma sha ɗaya kacal ya yi yana amsa sunan Alhaji a gida. Duk shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru, amma bana shirun ya gagara. Akwai wata magana da na faɗa a zaman makokinsa, wadda ta raba wata baiwar Allah da gidanta da ɗanta, kuma sai yanzu da furfura ta gama cinye kaina na gane ba gaskiya ba ce.

A waɗancan shekarun kuɗin mai ya fara zubowa har ƙauyukanmu. Rediyo ta shiga kowane zaure a 'Yargoje, babura suka fara korar kekuna a hanyar Ƙanƙara, manomin da bai taɓa wuce Funtuwa ba sai ga shi a jirgin sama. Yaya ya yi audugar da ta yi kyau shekara biyu a jere, ya tafi Makka. Ya dawo da haƙorin zinari, da dabino, da wani tari busasshe wanda kusan duk alhazan shekarar suka dawo da shi. Tarin Makka muke ce masa, har ana tsokanar wanda bai yi ba cewa anya ya isa kuwa.

Kwana uku yana zaune a zaure yana karɓar 'yan sannu da zuwa, yana gaisawa da kowa hannu da hannu, kafin zazzaɓi ya kwantar da shi. Inna, mahaifiyarmu, ta kafa doka irin ta kowace tsohuwa a ƙasarmu: mai ciwon ƙirji ba ya shan ruwan sanyi. Sai ruwan zafi da citta da kanumfari, sai kunu mai tururi. Ni ma na goyi bayanta, domin a lokacin sabon malamin firamare ne ni, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na taɓa karanta darasi guda kan ciwon huhu a kwalejin horon malamai, saboda haka a ganina babu likita a garin sai ni.

Bayan kwana huɗu zazzaɓin ya sauka. Yaya ya zauna ya ci tuwo, har ya aika a duba masa dawar da aka bari a gona ba a kwaso ba. Muka ce alhamdu lillahi. Washegari da azahar na shiga gaishe shi, na tarar da matarsa, Yaya Hure, tana riƙe masa moɗa a baki, ruwan randa ne mai sanyi, yana sha kamar wanda ya dawo daga huɗa. Da ta gan ni sai ta ce roƙonta ya yi ta yi, maƙogwaronsa ya bushe. Na riƙe abin a raina.

Kwana biyu bayan nan numfashi ya fara yi masa wuya. Zazzaɓin ya dawo, leɓɓansa suka yi duhu, ba ya iya haɗa kalma uku sai ya tsaya ya huta. Aka ɗauko mai allura daga Ƙanƙara ya yi masa har sau biyu, ko gezau. Muka sa shi a bayan a-kori-kura da hantsi za mu kai shi babban asibiti, kansa a cinyata, bai kai ba.

Ranar sadakar uku, zaure cike da mutane, wani dattijo ya yi tambayar da kowa ke yi: mutumin da ya warke har ya ci tuwo, me ya mayar da shi? Nan na buɗe baki na ce ruwan sanyin da aka ba shi ne ya sauka a huhunsa, kuma na faɗi wadda ta ba shi. Da wata tsohuwa ce ta faɗa, da an ce zafin rashi ne. Amma Malam ne ya faɗa, ɗan boko, sai maganar ta zauna daram. Inna ba ta ƙara kiran sunan Hure ba. Da Hure ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a 'Yankara, aka riƙe ɗansu Lawal yana ɗan shekara huɗu, ya tashi yana jin matan unguwa suna nuna shi da baki. Ya girma yana zuwa gaishe ta da salla, gaisuwar da ba ta wuce bakin ƙofa.

'Yar Lawal ce, Bilkisu, ta kwance mini wannan ƙulli a watan jiya. Karatun garkuwar jiki take yi a jami'a, kuma ba ta raga mini da tsokana, irin ta jika da kaka. Ta zo duba ni ina fama da mura, ta miƙo mini ruwa daga firji, na ture. Ta yi dariya ta ce tsoho mai tsoron ruwa. Sai na ba ta labarin kakanta tun daga farko, abin da ban taɓa yi ba. Dariyar ta ɗauke, ta ce in sake lissafa mata kwanakin ciwon ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce irin wannan tari yawanci ƙwayar bairos ce ke kawo shi, wadda allurar da muka dogara da ita ba ta taɓa ta. Ita bairos ba ta tsayawa a fili, shiga take cikin ƙwayoyin huhun mutum ta ɓuya tana hayayyafa. Allah kuwa ya yi mana wasu ƙwayoyin garkuwa na musamman da ake kira ƙwayoyin T, waɗanda ke samun horo a wani ɗan kullutu da ke bayan ƙashin ƙirji, kowace da irin cutar da take ganewa. Wasu aikinsu su nemo ƙwayar huhun da cuta ta shiga su kashe ta, wasu su kira sauran garkuwa su ba su umarni, wasu kuma su ce ya isa haka idan an gama. Akwai waɗanda ke zama a huhu bayan an warke, don su gane cutar in ta dawo. Wataƙila, in ji ta, shi ya sa ni da Inna, da mu ma muka kamu a lokacin, muka yi tarin mako guda muka miƙe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki kusan mako kafin su yawaita su isa huhu. Idan sun zo da wuri kuma daidai, mutum ya tashi. Idan sun makara, ko sun gaji, ko masu cewa ya isa sun kasa tsawatarwa, sai faɗan ya wuce kima, kamar mai rushe rumbu don ya kashe ɓeran da ke ciki. Huhu ya kumbura, ruwan jikin mutum da kansa ya tsatso ya cika shi. Don haka ne mai irin wannan ciwo yakan ji sauƙi, sannan a mako na biyu ya rikice. Ta ce ba za ta rantse kan wace cuta ce ba tunda ba a yi gwaji ba, amma abu guda ta tabbata.

"Kaka, ruwan da aka sha ciki yake zuwa, ba huhu ba. Mai zazzaɓi ma ruwa yake buƙata. Ko ta ba shi ko ba ta ba shi ba, abin da ke faruwa a ƙirjinsa ya riga ya kama hanya."

Na daɗe ina tunanin me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani, inda ake yi wa maniyyaci rigakafi kafin ya hau jirgi, ake sa wa mai sarƙewar numfashi iskar tulu a hanci ya tashi. Na san zai yi murna jikarsa ce ke wannan karatu, domin shi ya matsa aka sa ni makaranta. Amma na fi tunanin abin da zai ce mini a kan Hure, matar da yake ajiye wa tsire a aljihu duk ranar kasuwa. Wallahi ina jin kunyar haɗuwa da shi.

Na tafi 'Yankara a makon nan, bayan na tambayi lafiyar hanya, abin da a da ba ma yi. Na sami Hure a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, idanunta sun yi rauni amma ta gane muryata. Na durƙusa na gaya mata duk abin da Bilkisu ta ce, gwargwadon yadda na fahimta, na roƙi gafara. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"Malam, ni na sani tun ranar," in ji ta. "Shina kiran sunana shina roƙona ruwa, mi zan yi? Na yahe maka. Amma ba ni kaɗai ka gaya ma wancan zance ba. Cikin mutane ka hwaɗe shi, Lawal kuwa cikin mutane ya ji shi."

Gonar Yaya an raba ta, zauren ya rushe an yi shago a wurin, waɗanda suka zauna makokin saura ƙalilan. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne ɗa mai shekara hamsin da biyu, da jika mai ilimi, da tsohuwa guda da ta ji ƙansa a ranar da mu muke bin doka. Allah ya jiƙan Alhaji Garba, ya haskaka makwancinsa, ya yafe wa Inna, ya yafe mini.

Saboda haka ga shi na faɗa cikin mutane. Lawal, mahaifiyarka ba ta kashe mahaifinka ba. Ƙishirwa yake ji, ta ba shi ruwa. Ni ne na ce ta yi, kuma ban san abin da nake faɗa ba. Tana nan da rai a 'Yankara, ka je ka shiga har cikin ɗaki.