Maƙerin Nasara

Ni ɗan manoma ne, daga wani ƙauye kusa da Garhanga. Na yi nisa a karatun allo, har ina rubuta ajami, sai Nasara suka ce hakimi ya ba da yara lakwal, wato makarantar bokonsu. Bai ba da nasa ba, ni ya ba da. Ubana ya haƙura, ya ce mini, "In ka iya bakinsu ka zama tafinta, gidanmu ya huta da aikin dole." Da wannan fata gardi, dogarin Nasara, ya tasa ni gaba har Madawa, ina dab da balaga.

Ashe manyan Nasara sun riga sun sake shawara. Wai baƙar fata ba ya bukatar karatu mai zurfi, sana'a za a koya masa. Wani Bature ya jera mu cikin rana, yana matsa damatsanmu kamar mai sayen rago. Ƙarfafa su tafi maƙera, ramammu su tafi garka. Ni aka tura maƙera. Wani yaro daga garin Buza, wanda kakanninsa duk maƙera ne, aka ba shi tulu ya yi ta ban ruwan salatin kwamandan, Baturen da ke mulkin yankin, don kawai siriri ne. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, ya buɗe baki zai yi bayani, Baturen ya ɗaga masa hannu. Ba wanda ya tambaye mu sana'ar gidajenmu.

Shekaru na yi ina zuga da dukan ƙarfe. Karatun aji ɗan kaɗan ne, shi ma cikin gyangyaɗi. Ƙira dai na iya, alhamdu lillahi. Faransancina kuwa bai isa in yi wa kowa tafinta ba, surorin da na haddace ma suka fara zubewa.

Da aka sallame ni, ubana ya ɗauki goro da wata hauya da na ƙera, muka tafi wurin sarkin maƙeran garinmu.

"Sannu da wuta, Sarki."

"Yawwa, malam. Wanga shi na maƙerin Nasara?"

Ƴaƴansa suka tuntsure da dariya. Ya juya hauyar, ya gwada bakinta da yatsa.

"Ba laifi, yaro. Amma wa ka gada? In na bar ka ka hura wuta garin ga, ɗiyana su ci mi, ƙasa?"

Ubana ya ce, "Sarki, ko zuga ce ka ba shi."

"Zuga ta ɗan ƙanena ce. Kai malam, in na zo gonarka da iri, kana bari in shuka? Goro dai na ci, Allah shi amfana."

Ban taɓa jin haushin dattijon nan ba, gaskiyarsa ce. Haushina yana kan waɗanda suka zauna a inuwa suka raba wa ƴaƴan mutane sana'a, ba su san ƙira gado ce ba, ba su kuma damu su sani ba. Sun raba ni da allo, sun hana ni bokon, sun ɗora mini abin da ba zan ci abinci da shi ba.

Da rani aka zo ɗibar mutanen aikin hanya. Na je gaban kwamandan, na haɗa ɗan Faransancina, na ce ni ɗan lakwal ne, a ƙyale gidanmu. Ya yi murna ƙwarai, ya ce dama yana neman mai gyaran diga. Aka ɗauki yayana, aka haɗa da ni, ba ko biya.

Haka muka ƙare ranin nan cikin duwatsun Adar, shi yana fasa dutse, ni ina wasa masa bakin ƙarfen. Wata rana ya kawo digarsa, tafin hannunsa duk jini, ya zauna kusa da wutata ya ce, "Ƙane, don Allah kada ka yi sauri. Bar ni in huta."

Na mayar da ita wuta, na yi ta zuga a hankali, gardi yana hararmu. Iyakar abin da sana'ar lakwal ta yi wa gidanmu ke nan. Allah ya isa.