Saƙon da Na Kai Filin Gudu a Amirka

Bayan ƙaramar Salla ne, zafin Jidda bai sake mu ba, jiragen alhazai sun fara sauka. Shekarar ta yi mini nauyi. Maigidana Malam ya rasu farkon bazara, kuma kafin ya cika ya ce kada a taso yaron daga karatunsa a Amirka. Ni ce dama mai rubuta masa wasiƙun Malam, da ɗan bokon da na samu a ajin manya, sai na ci gaba da aikawa da sunan ubansa. Wata biyar ina haka. Da na fita takaba na ce wa ƙanena Yahaya, ma'aikacin filin jirgi, “Halas, ya isa haka. Wannan magana ba ta takarda ba ce, kai ni.”

Laraba: Jidda zuwa Landan

Mun bar unguwarmu ta Mahjar ƙarfe huɗu da rabi na asuba. Mai tasi ya ji inda za mu, ya ce, “Ya Hajja, mutane na zuwa nan daga Amirka, ke kina tafiya can?” Na ce lalura ce. Jirgi ya tashi bakwai da kwata, muka sauka Landan bayan awa bakwai, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Muka kwana a masaukin kusa da filin. Ruwan zafi na roƙa, muka ci burodin tamis da muka taho da shi.

Alhamis: Shikago

Awa takwas da rabi a sama, rana ta ƙi faɗuwa. Yahaya ya mai da agogonsa baya, ni kuwa na rasa azahar ce ko la'asar, na haɗa su a zaune. A wurin bincike wani ƙato ya buɗe jakata, ya ɗauke kilishi, ya bar dabino. Ya girgiza gorar zamzam yana tambaya. Yahaya ya yi masa bayani, ya mayar da ita a hankali. Duk tsawon hanya ina jera maganar da zan faɗa, ina rushewa.

Juma'a: garin jami'a

Bas ta ɗauke mu takwas na safe, awa biyar, kuɗin mutum dala tara. Gonakin masara dama da hagu, busasshiya a tsaye, ba tudu ba mutum. Garin kansa ƙarami ne, titi ɗaya na kantuna, dogon gini mai agogo, ɗalibai kan kekuna, ganye ja yana zuba. Sanyi ya ratsa mini zane biyu.

Yaron yana tsaye a tasha. Ya rame, wuya ya yi tsawo. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, don haka Yahaya ne ya ɗaga murya: “Idrisu! Ya walad, abinci ba a sayarwa a garin nan?” Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi jaka.

“Ummi, kun zo a daidai. Gobe muke da gudu, jami'o'i bakwai, mil biyar. In na yi kyau za su ci gaba da ɗaukar nauyin karatuna.”

Yahaya ya dube ni. Na dubi ƙasa. Ya ce da ni a hankali, “Yaya, bari sai gobe.”

Yaron ya sauke mu gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗaki. Ta kawo miyar kabewa mai zaƙi kamar an zuba zuma, na sha cokali uku don kunya. Yaron ya zauna da mu har magariba. Ya tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har mai sayar da dafaffen waken ful na bakin layi. Bai tambayi ubansa ba, ni kuma na ɗauka Allah ne ya rufa mini asiri.

Asabar: gudu

Na zaci fili ne zagayayye da wurin zama. Ashe daji ne da ciyawa, kowa a tsaye cikin iska. Sha ɗaya daidai aka harba bindiga, samari wajen saba'in cikin gajeren wando suka ɓace bayan bishiyoyi. Kwana uku na yi a hanya, sau uku na gan shi, kowanne bai kai karatun Fatiha ba. Iyaye suna ihun sunayen 'ya'yansu. Wata Baturiya ta tambaye ni wane ne nawa, Yahaya ya faɗa mata, ita ta yi ta kiran sunan a madadina. Ya shigo na tara. Mai koya musu gudu ya rungume shi, ya ce hakan ya isa a ci gaba da biya masa karatu.

Da numfashinsa ya dawo na ja shi gindin wata bishiya, na ba shi zamzam. Na fara yadda ake farawa a gida.

“Babanka, jikin ya yi nauyi ƙwarai.”

“Ummi, wace rana abin ya faru?”

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

“Baba bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Salla yake tambaya, ya yi faɗa, ya rufe. Tun wasiƙa ta biyu na gane.”

“To me ya sa ka ci gaba da amsa masa?”

“Ke ba ki faɗa ba, ni zan fara?”

Na gaya masa ranar, Talata ce bayan azahar, da waɗanda suka ɗauki makara, da abin da Malam ya ce. Ya juya baya ya daɗe, tururi na tashi daga rigarsa. Ya ce, “An hana ni zuba masa ƙasa.” Na ce, “An hana ka. Ka yafe mini.” Muka kama hanyar masauki. Sai da muka kusa gidan tsohuwar ya cire rigar sanyinsa ya yafa mini, ya ce, “Ba komai, Ummi. Amma kada a sake.”

Komawa

Lahadi muka kamo hanya, bas da jirgi biyu kamar yadda muka zo, ban riƙe awannin ba. Talata da la'asar muka shiga Mahjar. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Yahaya da ya bar aikinsa mako guda, da tsohuwar nan da ban iya faɗin sunanta ba.

Washegari da hantsi na ɗauki takardu da biro, na bi gidajen layinmu. Na ce musu yaron ya ji, mai son yi masa gaisuwa ya faɗa in rubuta. Kafin azahar na rubuta goma sha ɗaya, hannuna ya sage, saura na bar wa gobe.