Maƙabartar Zango a Tsohuwar Taswira

Safiyo ne aikina a Doha. A ofishinmu na Al Mirƙab nake wuni ina auna gaɓar da aka cike da yashi aka mayar da teku fili. Shi ya sa Inna ta ɗauka babu abin da zai ɓace mini a doron ƙasa.

Fataucin busasshen kifi ne ya kai mahaifina kudu, wani gari inda kogi ke shiga teku. Can ya rasu ina goye. Mutanen zango suka yi masa sutura, labari kawai ya iso gida. Da tsufa ya kama Inna sai ta kafe, tana so ta tsaya a kan kabarinsa ko sau ɗaya ta yi masa addu'a. Ni kuma na cika baki, na ce hutu mai zuwa zan kai ta.

Ba wanda ya sa wa kabarin alama. Abin da wani dattijo abokin fataucinsa ya iya tunawa shi ne bayan zango, kan tudu, inda rafi ya karya kwana. Na samo tsohuwar taswirar zamanin Turawa, mai layukan tudu da kwari. Ga zango, ga kwanar rafi, ga 'yar alamar maƙabarta. Bayan azahar, da abokan aiki suka fita cin abinci, na ɗora ta a kan sabon hoton tauraron ɗan'adam. Coci ya hau kan coci, mararraba ta hau kan mararraba. Maƙabarta ta faɗa tsakiyar ruwa.

Sau uku ina sake daidaitawa. Ni da nake tayar da jijiyar wuya kan kuskuren taku ɗaya, ranar kuskure nake nema ido rufe. Babu. Kogi ya cinye tudun tuntuni.

Ban ji komai ba, ko a jikina. Na rufe kwamfuta, na shanye shayina da ya huce, na hau jirgin ƙasa na metro zuwa Mansura, unguwar da nake zaune.

Ranar Juma'a Inna ta kira.

"Ɗan nan, ka gano wurin?"

"Na gano, Inna. Ruwa ya cinye shi. Babu ƙasa a wurin yanzu."



"Da zurfi?"

"Da zurfi."

"To," ta ce, "ai garin ba ya rasa masu kwalekwale. Ka tambaya min ko suna ɗaukar tsofaffi."